Saura Wata Ashirin da Uku

Shekara tara ina ɗaure takardun 'ya'yan mutane
a wani shago na titin Bauchi, daura da ƙofar jami'a.
Na buga musu babi biyar-biyar kan ilimin kasuwanci,
na gyara waƙafi, na rufe da shuɗin bango,
su tafi su sa hula mai tunku.
Ni kuwa a aji shida na ajiye biro.

Wata Laraba, ana yayyafin nan na Jos mai kamar raɗa,
Baba Davou ya kashe janareta da hannunsa.
Ya ce, "Ladidi, idona ya gaji da ƙananan baƙaƙe,
zan koma Vom in ga dankalina.
Miliyan huɗu: injin kwafi biyu, kwamfuta uku,
hayar bana, da sunan da ke bisa ƙofa.
Ke na fara faɗa wa."

Na je banki da mayafin Sallah.
Yaron da ke bayan tebur, na san shi,
ni na ɗaure masa aikinsa na ƙarshe,
har ya bar min bashin ɗari bakwai.
Ya ce, "Hajiya, ina tsarinki a rubuce?
Ina takardar fili? Wa zai tsaya miki?"
Da ya faɗi ruwan da za su ɗora
sai da na gyara zama.
Na yi godiya, na fito.
Ban tuna masa ɗari bakwai ɗin ba.

Da dare na juya bayan wata takarda da inji ya ɓata,
na fara tara kaina kamar mai tsintar acca.

Kwasar adashena sai Disamba.
Inna Lantana ta kalle ni ta saman tabarau,
ta musanya min layi da Asabe mai doya:
dubu ɗari shida,
da sharaɗin in kai wa Asabe turmin atamfa.

Sarƙar da mahaifiyata ta bari,
maƙerin zinariya ya ɗora ta a sikeli
ya ce ɗari tara.
Ban san tana da sauƙi haka ba.
A wuyanta ta fi nauyi.

Ƙungiyar 'yan shaguna ta duba littafi,
ta ga ban taɓa tsallake zubi ba ko da zazzaɓi,
ta ba ni ɗari biyar.

Yayana Sabi'u mai tifa a Bukuru ya ce,
"Ba rance ba ne, kaso zan shiga.
Riba mu raba, faɗuwa mu raba."
Na ce to, amma a rubuta.
Ya ɓata rai. Na ce,
zumunci a ƙafa yake, kuɗi kuwa a takarda.
Ya yi dariya, ya dangwala ɗari takwas.

Na haɗa, na sake haɗawa,
miliyan ɗaya da ɗari biyu ta ƙi fitowa.

Na kai wa Baba abin da ya samu a baƙar leda.
Ya ƙirga da yawu a yatsa, bai yi sauri ba.
Ya ce, "Sauran, hamsin-hamsin duk wata.
Jinginata ita ce shekara tara
da ban taɓa ƙirga aljihun tebur a bayanki ba."
Ya miƙo mabuɗi, da ɗumin aljihunsa.

Sunansa na nan bisa ƙofa
sai ran da na kai hamsin ta ƙarshe.

Jiya wata ɗaliba ta kawo aikinta a ɗaure mata,
kan hanyoyin samun jari ga ƙananan sana'o'i.
Na karanta ina bugawa, shafi tamanin da biyu.
Babu Inna Lantana a ciki,
babu sikeli.
Na gyara mata waƙafi uku,
na ce dubu biyu da ɗari biyar ne,
kuma ba ma ba da bashi.